Sabis a Gidan Takaba

A shekarar da ruwa ya ci gonakin shinkafa har ya hau kan titi, a ita ce mijin yayata ya rasu. Farkon damina ne, an yi shuka ba a kai ga noman farko ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Aka yi zaman makoki kwana uku, jama'a suka watse, ita kuwa ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura babba.

Gidana da nasu katanga ɗaya ce ta raba. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na ƙarshe, shi ya sa har yau da furfurata Auta take ce mini, ko a gaban surukaina. Kullum in na fito masallaci da safe nakan shiga in gaishe ta, in same ta a kan buzu tana jan carbi.

'Yarta ta fari tana aure a Fatakwal, inda mijinta yake aiki. Tana da tsohon ciki lokacin rasuwar, likita ya hana ta doguwar tafiya, ko gaisuwar mahaifinta ta waya ta karɓa. Mu kuwa a wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Yarinya ta dawo gida goyon ciki, ta haihu, uwa ta dafa mata ruwan wanka kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta nuna mata yadda ake riƙe jariri. In ba ta samu zuwa ba, sai wata babba ta bi ta can. To, wannan ba ta zo ba, uwa ba ta da ikon fita, ƙanwar marigayi kuma da aka shirya za ta je, ruwa ya tsare ta a ƙauyensu can bayan Auyo, ba a fita sai a kwalekwale. Ana cikin haka aka bugo mini waya wata Talata, ta sauka lafiya, an sami namiji.

Na shiga na gaya wa Yaya. Ta ce, “Madalla,” ta ci gaba da jan carbinta.

Wanda bai san mu ba zai ce ba ta damu ba. Kunyar 'yar fari ce. Mun taso mun tarar uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana gidan. Yaya kuwa ta riƙe wannan fiye da duk matan da na sani. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin ta kira ta da suna ba, sai “ke” ko “wance”. Amma duk shigowata a kwanakin nan sai ta ce, “Auta, ya labarin ruwa? Ya fara ja?” Ita da ba ta da gona ko ta taki goma.

Kwana uku da haihuwa yarinyar ta kira ni, muryarta a shaƙe.

“Kawu, cibiyarsa ce. Na kai shi asibiti sun ce lafiya lau, amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Maƙwabtana mutanen kirki ne, sai dai kowa da yadda suke yi a garinsu, wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza. So nake Inna ta gani da idonta. Ko ba ta ce komai ba, ta dai gani.”

Na ce to, ban san ta ina zan ɓullo ba. Unguwarmu a kwari take, gefen kogi, gidan kuma ginin ƙasa ne na kakanni, kaurin katangar ɗakin Yaya ya fi kamu guda. In magana ce ta waya, sai an fito ƙofar zaure. In kuwa ana son ganin fuska, sai an hau kan jingar da aka yi don tare ruwa, a ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwan sama. Mai takaba ba za ta je ta tsaya a kan jinga ba.

Mijin yarinyar ne ya san dabarar. Daga can ya yi magana da wani mai gyaran waya a kasuwa, magidanci ne mai faɗin kafaɗa, kowa Injiniya yake ce masa. Washegari da hantsi sai ga shi a kan babur, ya ɗauro dogon ƙarfe irin na famfo da wani kwali a baya. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi, ya buɗe kwalin a zaure. Abu biyu ne a ciki. Ɗaya fari, faɗinsa kamar ƙaramin allo, ya ce eriya ce, ita za ta kamo sabis daga sama. Ɗaya kuma ɗan akwati baƙi mai ƙahoni, ya ce sunansa rauta, shi zai raba wa wayoyin gida abin da eriyar ta kamo.

Ya jingina tsani zai hau soron zaure. Na ce ya bi a hankali, rufin ƙasa ne kuma ya sha ruwa. Ya tuɓe takalminsa, ya riƙa taka gefe gefe inda azara ta hau katanga. Da ya miƙe a sama sai na ji ya yi salati.

“Baba Malam, daga nan ba ka ganin gona ko ɗaya. Ruwa ne kawai da kawunan itatuwa.”

Ya kafa ƙarfen, ya ɗaure eriyar a kai, ya yi ta juya fuskarta kaɗan kaɗan yana duba wayarsa, har ya saita ta da wani dogon ƙarfen sabis da ke hayin kogi, wanda ni daga ƙasa ko hango shi ba na yi. Ya zuro waya mai kauri ta bayan zaure, ta faɗa tsakar gida. Sannan ya sauko, ya ɗauki baƙin akwatin, ya je bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya tsaya.

“Daga nan sai kai, Baba Malam.”

Gaskiyarsa. Ko ba takaba, namijin da ba muharrami ba ba ya wuce wannan ƙofa. Sai dai ni iyakar abin da na iya da waya shi ne in amsa, in kashe. Na ce ya faɗa mini a hankali in rubuta. Na yago gefen kwalin, yana faɗa ina sawa da ajami, don boko in na karanta shi kamar mai tafiya a cikin taɓo nake. Baƙar waya ta tafi ga batirin solar da marigayi ya saka don fitila. Wadda ta zo daga sama a murɗa ta a ramin baya sai ta tsaya. A danna maɓalli, a jira fitilu su zama kore. Ya kuma nuna mini wani ɗan zane a goshin wayata, mai kama da maficin kaba, ya ce layinsa ake so ya cika.

Na shiga na yi duk yadda na rubuta, da bismillah a kan kowace waya. Fitilu suka yi ja, suka yi ƙyafta ido, suka koma kore. Sai dai wayar da ta zo daga sama ba ta kai ɗakin Yaya ba, a rumfar tsakar gida ta ƙare. Na ajiye akwatin a kan turmi, na shiga ɗakinta da wayata.

Daga zaure ya ɗaga murya, “Layi nawa?”

“Ɗaya! Shi ma yana zuwa yana tafiya!”

“Katangar ce ke cinye shi! Ɗaga akwatin sama, ka sa ya kalli ƙofar ɗakin!”

Na fito na ɗora shi a kan randa, na koma. Biyu. Na fito na rataye shi a ƙusar da ake rataye faifai, na koma. Ɗaya. Haka na yi ta shiga ina fita, ina ɗaga waya sama ina sauke ta, ina leƙa kusurwa kusurwa. Yaya tana bina da ido daga kan buzunta. Can ta ce, “Auta, aljanu kake kora mini ne?”

Daga ƙarshe na taka turmi na ɗaure shi a saman ginshiƙin rumfa, ƙarƙashin kwano inda ruwa ba zai taɓa shi ba, daidai saitin ƙofarta. Na naɗe asabari, na zauna a gefen buzunta na duba. Maficin ya cika.

Da na fito sai na tsaya a tsakar gidan ina dube dube. Ga kaji suna kiwonsu, ga shanya a igiya, ga rana. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba wari. Amma wai yanzu wannan sarari cike yake da maganganu da fuskoki na mutanen duniya, suna wucewa ta gefen kunnena ban sani ba. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, abin da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa ke nan, ya cika gida ido bai gan shi ba. To ina ga rundunonin da Mahalicci Ya kewaye mu da su, waɗanda aka karantar da mu tun muna yara muka gaskata ba mu gani ba? Na daɗe a nan har Injiniya ya ce, “Baba Malam, lafiya dai ko?”

A zaure muka gwada. Ya danna, aka yi ɗan ƙara, sai ga fuskar 'yar yayata a tafin hannuna tana cewa, “Kawu, ina wuni?” Har ƙyaftawar idonta ina gani. Na kasa amsa gaisuwar, sai tasbihi nake.

Da zai tafi ya rubuta mini wasu lambobi da haruffa a takarda. Ya ce, “Wannan ita ce lambar sirri, ita ce makullin. Kada ka ba kowa.” Na ce to.

Ban cika wannan to ɗin ba, kuma zan faɗi dalili, ba don in wanke kaina ba. A unguwarmu akwai abin da ba a hana maƙwabci, wato wuta. Lokacin da muke tasowa, kafin ashana ta wadata, duk gidan da murhunsa ya mutu sai a je maƙwabta da tsingaro a ɗebo garwashi. Ba a godiya mai yawa, ba a kuma taɓa cewa babu, don mai wuta ba ya rasa komai. Gida goma su ɗiba, tuwonsa ya dahu yadda zai dahu. Da wannan tunani na kalli akwatin nan. Abu ne mai fitila, yana cin lantarki, ba a ganin raguwarsa. Na ɗauka wuta ce.

Tela ne ya fara. Shagonsa a jikin katangarmu yake, Babarbare ne mai barkwanci. Da yamma ya tare ni ya ce, “Malam, wani baƙon abu ya fito a wayata yana neman lamba. An ce daga gidan marigayi yake.” Ashe da na ɗaure akwatin a sama, abin ya tsallako katanga ya sauko har kan dakalin ƙofar gida. Na ciro takardar na ba shi. Bayansa sai maƙwabcinmu manomin shinkafa, Bafulatanin da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama fartanya. Wani ya ɗauko masa hoton gonarsa daga cikin kwalekwale, yana son ya ga ko akwai abin da ya rage. Ina zan hana shi? Waɗanda na ba kuma suka ba wasu. Kafin kwana biyu dakalin nan ya zama kamar tashar mota, wannan na sauraron wa'azi, wancan na kallon ƙwallo, wani na dariya shi kaɗai. Ni kuwa murna nake, har na ƙulla niyya Allah Ya kai ladan ga marigayi.

A ciki kuwa, wadda aka yi abin dominta ta ƙi kallo. Ranar farko ta ce tana lazimi. Rana ta biyu ta ce, “Me zan gani? Jariri ai jariri ne.” Na san ba ƙi take ba. A ce ta riƙe waya tana kallon 'yar fari ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, shi ne ya yi mata nauyi. Yarinyar kuma tana kirana safe da yamma tana cewa, “Kawu, ta yarda?”

Ranar suna aka bugo da sassafe, an mayar wa yaron sunan marigayi. Na shiga na gaya mata. Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kawo abin naka in gani.”

Hantsi ne, ƙofar gida cike da masu zuwa barka, kowa da waya a hannu. Na zauna kusa da ita na danna kira. Aka ɗauka. Hoton ya fito ya daskare, ya farfashe gida gida, ya zama kamar rubutun allo da aka fara wankewa, ka san akwai baƙi a wurin amma ba ka iya karantawa. Muryar yarinyar tana zuwa a gutsure, “In... ga shi... In...” sai ta yanke. Na sake kira. Yaya ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da ido, ta mayar nesa. Wani abu mai launin ƙasa ya motsa sau ɗaya ya tsaya, ba ka ce kai ne ko gwiwa ba. Sau uku muna yi. A na ukun ta miƙo mini wayar.

“Ba komai, Auta. Allah bai nufa ba.”

Ta juya ta fuskanci bango. Na san yayata. Kwana uku ta yi tana tara ƙarfin da ta faɗi wannan magana guda, ba za ta sake faɗa ba.

Washegari na aika wa Injiniya ya zo. A zaure ya duba wayarsa, ya dube ni, ya sake duba wayar.

“Baba Malam, mutum nawa ka ba lambar nan?”

“Da hannuna ba su fi biyar ba.”

“Wayoyin da ke rataye a jikin akwatin nan yanzu sun haura talatin. Ga su nan a jere.”

Na ce, “Ai na ɗauka kamar wuta ce, in an ɗiba ba ta raguwa.”

Ya yi dariya har ya dafa bango. “Wace wuta, Baba? Ruwa ne. Bututu ɗaya ne ya sauko daga saman nan. In kowa ya kafa bokitinsa, na ƙarshe ɗigo zai samu, kuma Hajiya ce ta ƙarshe don ita ke bayan katanga. Bari in canja lambar yanzu, duk su zube.”

Na riƙe hannunsa. Na tuna fuskar Yaya a jikin bango, na kuma tuna cewa da mutanen nan zan haɗa kafaɗa a sahun azahar. Su suka haƙa kabarin marigayi, su suka ɗauki makararsa. A ce sun wayi gari an kulle musu ƙofa ba sallama? 

Manomin nan yana zaune a bakin zaure yana jinmu. Ya gyara murya ya ce, “Injiniya, wa ya gaya maka in ruwa ya yi kaɗan toshe kanal ake yi? Rabo ake yi.”

Shi ne mai kula da rabon ruwa a layin gonakinsu da rani. Ya ce gonar da ke ƙarshen layi ita ma tana da ranarta. In ranar ta zo, duk na sama sai kowa ya liƙe mashigar gonarsa da laka, ruwa ya wuce su yana kallonsu suna kallonsa, har ya isa inda aka nufa. Injiniya ya ce, “Wannan a gona ne, Alhaji. Waya fa? Wa zai yarda ya ajiye?” Ya ce, “Bar ni da su.”

Ana sallame azahar ya miƙe a bakin ƙofar masallaci kafin a fara neman takalma.

“Jama'a, a ɗan dakata. Abin nan da muke sha a ƙofar gidan marigayi, ba don mu aka kafa shi ba. Don mai takaba aka kafa, ta ga jikanta. Jiya ta nema ba ta samu ba, mu muka shanye. Daga yau, daga la'asar zuwa magariba nata ne. Sauran yini Malam ya bar mana.”

Wasu suka sunkuyar da kai. Sai Tela ya ce, “To ai da la'asar ake ƙwallo.”

Manomin ya ce, “Kai Babarbare, kai da ko akuya ba ka iya tarewa, me ka sani a ƙwallo?”

“Ji mini Bafulatani! An bar shanu an kama shinkafa, ga ruwa ya kore ka, yanzu kuma wayoyin mutane za ka kama kiwo?”

“Su zan kiwata, kuma taka ce karsanar farko. Kawo ta nan, bawana.”

Aka fashe da dariya, har liman. Tela ya ce shi ba bawan kowa ba ne, amma ya ji.

Da aka sauko daga la'asar na ga abin da ban taɓa gani ba. Da yawansu ba su san yadda ake cire waya daga jikin akwatin ba, don haka suka kashe wayoyin gaba ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a gaban dakali, kowa ya ajiye tasa, suka jeru kamar takalma a ƙofar masallaci. Manomin ya zauna a gefe da sandarsa a kan cinya. Duk wanda ya ɓullo daga lungu, kafin ya yi sallama an nuna masa tabarma.

Saura Yaya. Na san in na ce ta zo ta ga 'yarta, na ɓata. Sai na kira yarinyar tun daga rumfa, na ce ta saita wayar a kan yaron kawai, kada ta yi magana. Na yi sallama a bakin ƙofa.

“Yaya, baƙo gare ki.”

“Wane irin baƙo a gidan takaba?”

“Angonki ne, daga Fatakwal.”

Kaka da jikanta namiji miji da mata ne a wasa, wannan ba kunya a cikinsa. Na ga gefen bakinta ya motsa.

“Auta, ba ka da ta ido. Ina cikin takaba za ka kawo mini miji?”

“Na gaya masa, ya ce shi ba zai iya jira ba.”

“Ai jiya ya zo ya ƙi magana.”

“Jiya gajiyar hanya ce.”

Na ɗora mata wayar a hannu kafin ta sake cewa wani abu.

Allah Mai iko. Ga yaron nan kwance a kan farin zane, tas, kamar a cinyarta yake. Ina ganin gashin kansa ɗai ɗai a kwance. Ina ganin faratansa, ƙanana kamar ɓawon shinkafa. Ina ganin maɗigarsa tana bugawa a hankali, tana ɗagawa tana sauka. Garin da sai an kwana a mota kafin a kai, ga numfashin jaririn da ke cikinsa yana shigowa ta hayin kogi, ta kan ruwan da ya hana mutane wucewa, ya sauko ta soron zaure, ya shigo ɗakin da ko maganar waya ba ta taɓa shiga ba. Na ji idona ya kawo ruwa.

Yaya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Af, wannan ne mijin? Ko gemu babu. Dubi hanci kamar an zauna a kai. Da me za ka ciyar da ni, ga gonaki duk ruwa ya ci?” Aka ji 'yar dariya daga can, irin wadda ke haɗe da kuka. Yaya ta yi kamar ba ta ji ba.

“Kai, da kai nake. Ka ce a buɗe cikin nan in gani.”

Wani hannu ya shigo ya ɗage rigar. Yaya ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

“Ka ce a juya ka wajen haske. Yawwa.” Ta duba da kyau. “Wannan ai ta bushe, yau ko gobe za ta faɗi. Ka ce kada a ja ta. Kada a shafa mata komai sai abin da likita ya bayar, a bar ta ta sha iska. Ka ji ko?”

Daga can aka ce, “To, Inna.” Aka saki wata ajiyar zuciya da har ni na ji ta.

“Ka ce kuma a riƙa shan kunu da zafinsa, ko ba a so. Ka ce ruwan wankan kada a yi gangancin zafi, ba a gasa mutum kamar kifi. Ka ce in kana barci ita ma ta kwanta, wanke wanke ba ya guduwa.”

“To, Inna.”

Yaron ya yi hamma, ya tattare goshi. Yaya ta ƙura masa ido. Ni ma na gani, goshin marigayi ne sak, in yana shirin yi wa wani faɗa. Ta sa bakin mayafinta ta goge gilashin, ko da yake ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, a hankali ƙwarai, “Ka ce wa mai riƙe da wayar ta juyo da ita.”

Hoton ya girgiza, ya juya, sai ga fuskar yarinyar, ta faɗa, idanunta sun kumbura. Nan take Yaya ta kawar da kai. Ta dubi bango, ta dubi buzu, ta saci kallona ta gefen ido. Amma ba ta miƙo mini wayar ba. Sai na gane. Kunyar 'yar fari a gaban mutane ake yin ta, kuma mutanen da suka rage a ɗakin nan ni ne.

Na ce, “Bari in je in ga ko an ɗaure akuyar nan.” Na saki asabari na fita.

Na isa ƙofar gida. Tela ya ɗago gira ya ce ƙasa ƙasa, “Ya kama?” Na ce, “Ya kama.” Aka yi ta hamdala a hankali. Wani ya miƙa hannu wajen tabarma, manomin ya ɗora masa sanda a kan yatsu.

“Rana ba ta faɗi ba.”

Na sami wuri na zauna a cikinsu. Can sai muka fara jin murya tana tsallako katanga, siririya, ba a rarrabe kalmomin. Muryar Yaya ce, amma ba ta wasa da jika ba, ba kuma wadda take gaisawa da mu ba. Tana magana mai tsawo, ta yi shiru, wata ta amsa, ta sake ɗorawa. Tela ne ya fi kowa kusa da katangar. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya koma can ƙarshen dakali inda ba a ji. Na kusa da shi ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya muka ja da baya, muka bar gindin katangar ba kowa, muka zauna a gefen hanya har ladan ya miƙe ya tafi kiran magariba.